Hannun da ya iya jefawa ba shi ke horarwa ba

Ƙanwata, kin tambaye ni me ya sa, ke da kika fi kowa iya jefa ƙwallo a kwando a lokacinki, yaran nan ba sa kama abin da kike nuna musu. Bari in ba ki labarin Pat Summitt, shahararriyar mai horar da 'yan wasan ƙwallon kwando, don a wurinta na samo amsar da nake bai wa kowa.

A gonar shanu ta tashi a jihar Tennessee ta Amurka, tana wasa da 'yan'uwanta maza. Ta buga wa jami'ar Tennessee reshen Martin, ta kuma ci lambar azurfa da ƙasarta a gasar Olamfik ta Montreal a 1976. Gwana ce, babu shakka. Amma da aka damƙa mata ƙungiyar mata ta jami'ar Tennessee a 1974, tana da shekara 22, gwanintar ba ta rage mata aiki ba. Albashinta dala 250 ne a wata. Ita ke wanke rigunan 'yan wasa, ita ke tuƙa motar da za ta kai su wasa. Wasu daga cikin yaran ma shekara ɗaya ta ba su.

Sai a 1987 ta ɗauki kofin ƙasa na farko. Shekara goma sha uku ke nan. Ke kuma wata huɗu kika yi har kin fara ƙorafi.

Abin da na fi so ki lura da shi, ba a kan jifa ta gina ƙungiyarta ba. Tsaron gida ta fi matsa wa, da ƙwato ƙwallon da ta bugi ƙarfen kwando ta dawo. Waɗannan biyun ba baiwa suke nema ba, naci ne, kuma ko wace yarinya za ta iya koyonsu. Jifarki kuwa hannunki ne ya sani, bakinki bai taɓa fayyace ta ba, shi ya sa in kin ce "ku yi kamar haka" sai su tsaya suna kallonki. Rarraba abin: inda ƙafa za ta tsaya, inda gwiwar hannu za ta kalla, lokacin da yatsu za su saki.

Ta kuma sa ido a kan karatunsu. Wadda ta ƙi shiga aji ba ta buga wasa, kuma duk wadda ta cika shekarunta a hannunta ta fita da digiri. Wannan ya fi burge ni a kan kofuna takwas da wasanni 1,098 da ta ci kafin cutar mantuwa ta sa ta ajiye aiki a 2012.

Gobe a atisaye kada ki taɓa ƙwallo. Ki tsaya a gefen fili ki kalli ƙafafun yarinyar nan mai lamba bakwai, in an tashi ki zo ki gaya mini abin da kika gani.