Amsa ga mai tambaya kan gem ɗin gidan fatalwa

Wa alaikumus salam, Malama. Tun jiya da la'asar na ga tambayarki, sabis ne ya riƙe ni sai yanzu. Kin ce ɗanki mai shekara 13 ya matsa miki lamba sai kin bar shi ya sauke gem ɗin nan na tsohon gida mai fatalwa, wanda ake laluben kayan da aka ɓoye a cikin hoto, kuma kina son ji daga bakin waɗanda suka taɓa bugawa: akwai tsoro sosai, yana cin data, ya dace da yaro?

Ni sana'ata cajin waya, a wani ƙauye da ke kusa da Gujungu. Sola gare ni, da rumfa, da benci biyu, don haka duk wanda ya kawo caji sai ya ɗan zauna, kuma irin wannan gem ɗin ya fi shekara uku yana yawo a hannunmu a rumfar nan. Ba ki faɗi sunan wanda yaron yake so ba, amma duk kusan uwarsu ɗaya ubansu ɗaya.

Farkon ganina da shi a kwamfutar wani ɗan bautar ƙasa ne da aka turo makarantar garinmu. Sunan gem ɗin Mystery Case Files: Ravenhearst, na kamfanin Big Fish Games da ke Amurka, tun 2006 ya fito. Ana kai ki wani kangon gida a Ingila, kina shiga ɗaki ɗaki, kowane ɗaki cunkushe da tarkace kamar shagon ɗan gwangwan, a ba ki jerin sunayen abin da za ki nemo. In kin gama sai a ba ki guntayen littafin da wata mata mai suna Emma take rubuta sirrinta a ciki, da haka labarin abin da ya same ta a gidan yake fitowa kaɗan kaɗan. Ƙofofin kuma kowace da irin kwadonta na hauka, sai kin wasa ƙwaƙwalwa kafin ta buɗe. Shi ɗan bautar ƙasar ne ya gaya mini Turawa suna kiran wannan salo gotik, sunan da ya samo asali daga tsofaffin gine-ginen cocinsu masu tsinin baka, daga baya wani ɗan Ingila, Horace Walpole, ya liƙa shi a kan labarin tsoro da ya wallafa a 1764. Daga nan duk labarin da ya haɗa katafaren gida, da maƙabarta, da hazo, da hankaki, da wani tsohon asirin dangi, sai a ce gotik.

Batun tsoro, kada ya ɗaga miki hankali da yawa. Mu da muka tashi ana ce mana kada mu bi ta gindin tsamiya da tsakar rana, muka sha tatsuniyar Dodo a duhun tsakar gida, fatalwar Bature mai farar riga tana shawagi a bene ba ta kai ta razana mu ba. Babu abin da yake bin ki a guje, ba a kashe ki, ba ki harbin kowa. Hoto ne a tsaye kina ƙura masa ido. Inda tsoron yake shi ne sauti. Da rana a rumfa, ga kukan injin niƙa, ga awaki, dariya ma muke yi. Amma wani dare na hunturu na sa iyafis ni kaɗai a ɗaki, ina neman makulli a cikin wani akwatin gawa, ƙarar ƙofa tana ta ƙiiiƙ a kunnena, sai kawai tunkiyarmu ta goga jikinta a kyauren langa-langa. Wallahi sai da wayar ta sha ƙasa. Gilashin da na sauya a kasuwar Gujungu ran Lahadi shi ne kuɗi mafi yawa da gem ɗin ya taɓa ci mini.

Abin da ya fi ba mu wuya a gaskiya Turanci ne, kuma a nan nake ganin amfaninsa ko rashin amfaninsa ga ɗanki yake. Jerin kayan da Turanci yake zuwa, kuma ba irin Turancin aji ba, sunayen kayan gidan Turawan da ne: abin ɗora kyandir, da tabarau mai ido ɗaya, da ƙarfen tona wutar murhu, da kayan kiɗan da ba mu taɓa gani ba. Ga kuma tarko. A rubuta “bat”, ka gama duba saman rufi kana neman jemage, ashe sandar buga ƙwallo ake nufi. A rubuta “bow”, kana neman bakan maharbi, ashe ɗaurin kintinkiri ne a wuyan 'yar tsana. Wata rana mu biyar muka taru a kan waya ɗaya muna neman “thimble”, ba wanda ya san mene ne. Da muka gaji muka danna alamar taimako, sai ta haska wani ɗan ƙoƙon ƙarfe. Telan da ke kusa da rumfata ya yi tsaki ya zaro irinsa daga aljihu, wanda yake sa wa yatsa in zai yi ɗinkin hannu. Shekara ashirin yana amfani da abin. Tun ranar na ajiye tsohon littafin rubutu a kan teburin caji, duk kalmar da ta kayar da mu sai a rubuta ta da ma'anarta. Yaran sakandare da ke zuwa suna leƙawa. Yaron da zai yi haka zai ƙaru. Wanda kuwa zai riƙa dangwala fuskar waya ko'ina da ko'ina har Allah ya sa ya dace, bai koyi komai ba sai ɓata lokaci, kuma da yawa daga gem ɗin suna hukunta mai yin haka, su ɗan daskare na wasu daƙiƙoƙi.

Ra'ayin 'yan rumfa kuwa ya rabu. Telan nan shi ne gwaninmu, idon da ya saba zura zare a allura ba ya wahalar gano cokali a cikin ciyawa, amma labarin bai dame shi ba, tsallake maganganun yake yi. Wani malamin firamare akasinsa ne, ya tsani laluben, kwadunan ƙofa da haɗa guntayen hoto yake so. 'Yan acaɓa sun ce gem ɗin tsofaffi ne, ba gudu ba harbi, su a bar su da ludo da ƙwallo. Wanda ya fi ba ni dariya Baba mai goro. Ya tsaya a kaina ya kalla na ɗan lokaci, sannan ya ce: “Yanzu kai an ce maka gidan nan ba lafiya, ka shiga. Ka shiga kuma kana kwashe wa mutane kaya. To me ya sa masu gidan ba za su biyo ka ba?” Har yau ban sami amsar da zan ba shi ba.

Ni ma ina da nawa ƙorafin. Hankalin gem ɗin ba irin namu ba ne. Za ki sami wuƙa ki yanke igiya ɗaya, wuƙar ta ɓace, can gaba ki tarar da wata igiyar a ce sai kin nemo almakashi. Ƙofar katako ruɓaɓɓiya da gatari ɗaya zai gama da ita, sai an zagaya gida uku ana neman wani tambarin mujiya da za a liƙa mata. Sannan an zana hotunan ne don babban allo, kuma da gangan ake sa su duhu. A ƙaramar waya, in ba a iya buɗa hoton da yatsu biyu, ido zai yi ruwa. Ƙara hasken waya kuma shi ke shanye batir, ni dai wannan ɓangaren bai yi mini zafi ba, kin san sana'ata.

Data da kuɗi, nan ne za ki sa ido, don iri biyu ne. Akwai mai labari guda, mai farko da ƙarshe. Irin na kamfanin Artifex Mundi na ƙasar Folan ke nan, kamar Enigmatis: The Ghosts of Maple Creek na 2011 da Nightmares from the Deep: The Cursed Heart na 2012. Saukewar tana da nauyi, ɗaruruwan megabait, gara a yi da datar dare ko in an shiga gari, amma bayan nan ana bugawa ba intanet. Farkonsa kyauta ne, in labari ya ɗauko daɗi sai a ce a biya sau ɗaya a buɗe sauran. A Nightmares from the Deep ma, wanda lalube ya gundura yana iya sauya shi da wasan haɗa tayil mai kama da juna. Ɗaya irin kuma shi ne wanda aka rubuta kyauta ɓaro-ɓaro, amma yana da wani ma'aunin ƙarfi da ke ƙarewa bayan ɗakuna kaɗan, sai ki jira, ko ki kalli talla, ko ki saya. Ba zan kama suna ba. Na yi wata biyu a kan wani irinsa, ɗaki ɗaya na shiga ya fi sau talatin ina neman kayan da na riga na haddace wurinsu, labarin bai matsa ko taku ɗaya ba, datata kuwa tallar ta cinye. Tallar ma ba duka ce za ki so yaro ya gani ba. In irin wannan ne yake so, ki hana. Kuma ko wanne ne, kada katin bankinki ya zauna a wayar.

Saura abin da ba ki tambaya kai tsaye ba amma na san yana ranki. Akwai kaburbura da gicciye, akwai tsafi, akwai matattu masu tashi. A Enigmatis mugun da ke cikin labarin mai wa'azin coci ne da ya haɗa kai da shaiɗanu, a ɗayan kuma gawar wani ɗan fashin teku ce ta farfaɗo ta sace 'yar matar da kike bugawa a matsayinta. Jini kaɗan ne, kuma kullum ke ce mai yaƙar mugun. Duk da haka ni ba malami ba ne, kowane gida da inda ya ja layinsa. Ƙanwata mai shekara 14 tana bugawa, amma a tsakar gida, da rana, ba iyafis, kuma da an kira salla ana kife wayar. Ƙaramin ƙanena mai shekara 8 na hana shi, don sau ɗaya ya leƙa ya kwana yana firgita, Inna ta kusa cinye ni da faɗa.

Ki karɓi wayar ki buga rabin awa na farko tare da shi, Malama, za ki gane irinsa tun kafin a kai ɗaki na uku. In kin turo sunan gem ɗin zan duba, wataƙila ma yana cikin waɗanda muka gama. Kuma in ɗan naki ya san abin da ake kira “bellows”, ya taimaka ya faɗa mana, tun shekaranjiya muke tsaye a ɗakin girkin wani gida a kansa, telan ya rantse ba za a danna taimako ba.