Haɗa libcurl don Raspberry Pi daga laftof

Ɗan'uwa na Jos, ka ce ka haɗa libcurl, laburaren aikawa da karɓo bayanai ta intanet, a laftof mai furosesa x86_64, amma ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi ta ƙi karɓa. Ita furosesarta ARM ce, shi ya sa. In tsarinta mai 64-bit ne, saka aarch64-linux-gnu-gcc, mai haɗa manhaja don ARM, ka ba umarnin configure --host=aarch64-linux-gnu --enable-static --disable-shared.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne pkg-config, mai nemo laburare lokacin haɗawa, yakan jawo laburaren laftof ɗin ba ka sani ba. Nuna masa na ARM da PKG_CONFIG_LIBDIR, kuma OpenSSL, laburaren tsaron sadarwa, shi ma sai ka haɗa shi don ARM tukuna. A laburaren C, ni dai musl nake so a nan, domin glibc ko an cusa ta cikin manhajar, getaddrinfo mai nemo adireshin intanet zai nemi laburaren waje. Duba sakamakon da umarnin file.

In sayarwa za ka yi kuma akwai laburare mai lasisin LGPL, tuntuɓi lauyan da ya san harkar manhaja tukuna.