Amsa: Da me mutanen tsibirin Røst ke rayuwa?

Malam, ka ce me ake ci a wannan ɗan tsibiri na arewacin Norwe mai mutane kusan 500. Kifi ne, ba wani abu ba. Daga Janairu zuwa Afrilu kifin kod ke zuwa yin ƙwai, sai a kama, a ɗaure wutsiyoyi bibbiyu, a rataye kan katakai, ko gishiri babu. Iska da sanyi ke busar da shi har ya yi tauri kamar itace. Tun 1432 wani ɗan Benis, birnin da ke Italiya a yau, Pietro Querini, da jirgin ruwansa ya lalace ya tsinci kansa a Røst, ya koma gida da busasshen kifin. Har yau Italiya ke kwashe mai kyaun. Kawunan kuwa, Najeriya ake kawowa. Wannan kifin shi ne okporoko ɗin da kake gani a kasuwa.