Ku Tambayi Anti: Biskit ɗin da ke shekara da shekaru bai lalace ba

Tambaya: Assalamu alaikum Anti, dan Allah ina da tambaya. Ni a Maiduguri nake kuma ambaliyar nan ta watan Satumba 2024 da dam ɗin Alau ya ɓalle ta same mu, wallahi ga shinkafa ga masara a buhu amma duk sun jiƙe, ba itace ba gawayi ba inda za ka ɗora tukunya, yara suna kuka. To shine ƙanina ya nuna min wani bidiyo na wani biskit da Turawa ke cewa hadtak wai yana kai shekara 100 bai ɓaci ba, gaskiya ne ko irin zancen intanet ne kawai? In gaskiya ne ina so in ajiye. Daga wata uwa, Maiduguri.

Amsa: Wa alaikumussalam 'yar uwa, Allah ya mayar muku da alheri, ya jiƙan waɗanda aka rasa, ya kiyaye gaba. Maganar ƙaninki akwai gaskiya a ciki. Wannan biskit ba komai ba ne illa fulawa da ruwa da ɗan gishiri, a gasa shi a sake gasawa har sai duk laimar da ke ciki ta fita, shikenan. Abin da ke ɓata abinci ai ruwa ne da maiƙo, funfuna ba ta iya rayuwa inda ba laima, kuma in ba mai a cikin abu to ba abin da zai yi warin tsufa. Shi ya sa yake daɗewa, ba wani sinadari ake zuba masa ba.

Asalinsa guzurin matuƙa jirgin ruwa ne da sojoji. Tun sojojin Rum na da suna da irin nasu busasshen burodin. Rundunar ruwan Ingila kuwa ɗaruruwan shekaru ta yi tana ba kowane mutum laba ɗaya a rana, wajen giram 450 kenan, domin jirgi zai yi watanni a teku ba inda za a ga ɗanyen burodi, kuma in tafiyar mai nisa ce har sau huɗu ake gasa shi. A yaƙin basasar Amurka, 1861 zuwa 1865, sojan Arewa yakan samu guda 9 ko 10 a rana, kuma har yau akwai ragowar na wancan yaƙin a gidajen tarihi na Amurka suna nan da siffarsu. A garin Helsingor na ƙasar Denmak ma akwai wani da aka ajiye wanda aka ce tun 1852 aka gasa shi. Kuma ba tarihi ne kawai ba, a Japan inda girgizar ƙasa ke yawa suna da nasu da suke kira kanpan, a gwangwani ake sayar da shi ana sakawa cikin jakar ko-ta-kwana, mutanen Alaska ta ƙasar Amurka ma har yanzu suna cin wani nau'insa a ƙauyukansu.

Amma fa ki ji, wanda yake cikin gilashi a gidan tarihi ba wai ana cewa a ɗauko a ci ba ne, kuma su kansu sojojin da matuƙan ai sun sha fama da ƙwari da tsutsa a cikinsa saboda a akwatin katako da buhu ake zuba shi laima tana shiga. Sojojin Amurka sai su jefa shi cikin kofi mai zafi, ƙwarin su taso sama a kwashe a zubar a ci sauran. Don haka ni ba zan ce miki ki yi lissafin shekara 100 ba, a yanayinmu na zafi da damina ki ɗauka abin shekara guda ne, ki riƙa dubawa kina sabuntawa. Kuma tunda matsalarku ruwa ce, inda za ki ajiye shi ya fi komai muhimmanci: cikin robar da murfinta ke rufuwa gam, a can sama, wurin da za ki iya sunkuta ki fita da ita in an ce a gudu.

Tambaya: Anti barka da aiki. Ni dai yadda ake yi nake so ki koya min dalla-dalla, kuma ba ni da obin, kurfoti ne da ni sai tukunyar da nake gasa kek da yashi, zai yiwu? Daga wata amarya, Zariya.

Amsa: Zai yiwu sosai ƙanwata, wanda ya iya gasa kek da yashi ai wannan ba zai gagare shi ba, haƙuri kawai yake so. Ki samu farar fulawa kofi 4, gishiri ƙaramin cokali 2, ruwa kofi 1 da ɗan ƙari. Ki tankaɗe fulawar tukuna ki tabbatar ba ƙwaro a ciki, ki zuba gishirin, sannan ki riƙa zuba ruwan kaɗan-kaɗan kina kwaɓawa, kar ki juye shi gaba ɗaya don fulawa ta bambanta, wata ta fi wata shan ruwa. Kwaɓin da ake so mai tauri ne wanda ba ya kama hannu, ya fi na cincin tauri, in kika ji hannunki yana gajiya wajen murzawa to kin samu daidai. In ya yi ruwa ki ƙara fulawa.

Sai ki shimfiɗa a faranti ko tebur ki murza da kwalba, kaurinsa kar ya wuce santimita 1, ni ma na fi son ya ɗan gaza haka domin mai kauri bayansa zai bushe cikinsa na nan da danshi, kuma wannan danshin na ciki shi ne zai fito daga baya ya ɓata miki duka. Ki yanka murabba'i kamar santimita 7 kowane gefe, ki ɗauki tsinke ko cokali mai yatsu ki huhhuda shi har ƙasa, layi huɗu-huɗu. Hujin nan ba ado ba ne, ta nan tururi ke fita kuma shi ke hana shi kumbura.

Masu obin su sa wajen digiri 180, minti 30 a juya, wani minti 30 a ɗaya gefen. Ke kuma ki zuba yashinki a tukunya ya yi zafi, ki ɗora faranti a kai, wuta kaɗan a ƙasa da ɗan garwashi a kan murfi, ki riƙa leƙawa kina juyawa, kalar da ake so fari ne da ya ɗan yi ruwan ƙasa kaɗan, in ya yi ja sosai ko baƙi to wuta ta yi yawa ya ƙone ne bai bushe ba. Nan ne mutane da yawa ke tsayawa su ce an gama, alhali rabin aikin aka yi. Ki sauke ki bar shi ya huce ya kwana, washegari ki mayar da shi kan wuta mai sanyi sosai, a obin wajen digiri 110 zuwa 120, awa biyu ko uku, a tukunya kuma ki ɗan zame murfin don tururi ya samu hanyar fita. In kina da maƙwabciya mai gurasa ki roƙe ta ki sa a tanderu bayan ta gama gashi zafin ya ragu, wannan ragowar zafin yana busar da shi da kyau.

Yadda za ki gane ya yi, ki ƙwanƙwasa biyu ki ji ƙwas-ƙwas, ki danna da farce ya ƙi shiga, sannan ki fasa guda ɗaya da taɓarya ki duba tsakiyar, in kika ga wuri mai laushi ko mai duhu to ki mayar wuta. Kar ki kuskura ki rufe shi da ɗuminsa, sai ya huce sarai. Kuma in da hali ki bari sai hunturu ki yi mai yawa, lokacin iska a bushe take tana taya ki aiki, in kika yi a watan Agusta kafin ki rufe ma ya fara jan laima. Ki ƙulla shi kashi-kashi a leda mai kauri kafin ki jera a roba, ta yadda in kin buɗe ɗaya sauran suna rufe.

Tambaya: Anti ni fa na gwada na sa sukari da bota da madarar gari saboda yara su ci, ya yi daɗi amma wata biyu ya fara wani wari. Kuma mene ne bambancinsa da biskit ɗin kabin da muke saya a shago? Daga maman 'yan biyu, Maraɗi.

Amsa: Maman 'yan biyu botar ce da madarar suka jawo, maiƙo in ya daɗe sai ya canza wari ko da bai yi funfuna ba, sukari kuma yana jan laima daga iska yana kiran tururuwa. Abin da kika yi biskit ne mai kyau na shan shayi, a ci a sati biyu a gama, amma ba na ajiya ba ne. Kayan daɗin ki ajiye su daban, ranar da za a ci sai a haɗa. Shi kabin daga wannan zuri'ar ya fito, biskit ɗin jiragen ruwa, sai dai na shago an sa masa mai da sukari an sassauta shi yadda haƙori zai iya, shi ya sa yake da ranar lalacewa a jikin kwalinsa. Wanda ya riga ya yi warin ki zubar kar ki ba yara.

Tambaya: Salam Hajiya, ni direban babbar mota ne ina yin Kano zuwa Agadas, wani lokaci mota ta lalace a daji ka kwana biyu uku ba gari kusa. Matata ta yi min wannan biskit ɗin amma wallahi na kusa karya haƙori, yaya ake cinsa ne, kuma mutum zai iya rayuwa da shi kaɗai?

Amsa: Malam direba Allah ya tsare hanya, ka gode wa maiɗakinka don taurin nan alama ce ta yi shi daidai. Ba a gatsarsa haka nan, ko su masu shi ba su yi ba, sojoji da gindin bindiga suke farfasa shi. Ka naɗe shi a tsumma mai tsabta ka daddaka da sifana ko dutse, ka zuba a shayi mai zafi ko ruwan zafi ka rufe ka ba shi minti 15 zuwa 20, a ruwan sanyi kuma zai iya kai awa guda ko fiye. In akwai miya ko romo ya fi shiga, in ka samu nono a ruga ka jiƙa shi a ciki, in kuma kana da risho to bayan ya jiƙa ka soya shi da ɗan man gyaɗa da albasa da yaji. Sojojin Amurka haka suke yi, su da kitsen alade suke soyawa, mu kuma ga man gyaɗa ga man shanu. A Niyufanlan ta ƙasar Kanada har yau suna jiƙa shi ya kwana su dafa da busasshen kifi mai gishiri, kai ma in kana da busasshen kifi gwada. A gida kuma ana iya daka shi a turmi ya koma gari a dama kamar kunu, wannan shi ya dace da tsofaffi da ƙananan yara, su kam kar a miƙa musu gudansa, ga haƙori ga shaƙewa.

Batun rayuwa da shi kaɗai, na 'yan kwanaki zai riƙe ka, giram 100 na fulawa yana da kalori wajen 360 da furotin kamar giram 10, ka ga ba abin rainawa ba ne, da babu gara ba daɗi. Amma na watanni a'a. Babu bitamin C a cikinsa ko kaɗan, babu maiƙo, kuma rashin bitamin C ɗin nan ne ya riƙa kashe matuƙan jiragen da, suna cin biskit da naman gishiri wata da watanni sai dasashi ya fara jini haƙora su yi girgiɗi tsohon rauni ya buɗe. A 1747 wani likitan jirgin ruwan Ingila James Lind ya gwada ba marasa lafiyar lemo ya ga sun warware, amma sai 1795 rundunar ta fara raba ruwan lemon tsami ga kowa. Mu Allah ya hore mana garin ɓawon kuka, wato farin garin nan na cikin ɗan kuka da ake kwalba da nono, yana da bitamin C sosai kuma yana ajiyuwa. Ka haɗa da ƙuli-ƙuli da dabino da kilishi, irin guzurin da fatake da mahajjatan ƙasa suka saba ɗauka, sai biskit ɗin ya tsaya a matsayin tuwon tafiyar.

Abin da na fi so ka riƙe a wannan hanyar taku shi ne ruwa. Abinci ne busasshe ƙarau ga gishiri, in ka ci zai nemi ruwa a jikinka, don haka in mota ta tsaya kuma jarkarka ta yi ƙasa to ka rage cinsa, ƙishirwa ta fi yunwa saurin kayar da mutum. Ka ce wa uwargida ta rage gishirin a naka, ko babu shi ma zai daɗe in dai ya bushe. In kuma kana da ciwon suga ka sani farar fulawa ce zalla, ka ci da lissafi.

Tambaya: Anti fulawa ta yi tsada, ba za a iya yi da garin gero ko dawa ko alkamar da muke niƙawa da kanmu ba? Daga wata ɗaliba, Gusau.

Amsa: 'Yata za a iya amma ba zai kai na farar fulawa daɗewa ba. Garin gero da dawa ba su da danƙon alkama, in kika yi da su zalla zai riƙa marmashewa, sai dai ki haɗa kashi ɗaya nasu da kashi biyu na fulawa. Sannan gero yana da nasa maiƙon, kin san yadda garinsa ke yin ɗaci in ya kwana biyu da niƙa, haka alkamar da aka niƙa da dusarta da ƙwayarta, ta fi gina jiki amma ta fi saurin canza wari. In na cin wata ɗaya ko biyu ne a makaranta ki yi abinki da su, in na ajiyar damina ne ki daure ki sayi fulawar ko mudu ɗaya ne. Ki rubuta watan da kika gasa a jikin robar, duk wata biyu ki buɗe ƙulli ɗaya ki shinshina ki fasa ki duba, in kin ga ya fara laushi amma ba wari ba tabo ki mayar da shi wuta ya sake bushewa, in kuwa kika ga funfuna ko ɗigo ɗaya ne to wannan ƙullin gaba ɗaya na bola ne, kar ki kankare ki ci kuma kar ki ba kaji.