Ku Tambayi Masana: Wai Ɗana Halin Baffansa Ya Gado?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da yara maza biyu, uwa ɗaya uba ɗaya. Babban ɗan shekara 9 ne, wayayye, ba ya tsoron kowa. Ƙaramin mai shekara 6 kuwa in baƙo ya shigo sai ya ɓuya bayan ƙofa, malaminsa kuma ya ce karatu ba ya shiga kansa. Surukata ta ce halin baffansa ya ɗauko, hali zanen dutse, in daina wahalar da kaina. Haka ne? Wata uwa, Aboabo, Kumasi.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Hajiya surukarki ba ta yi ƙarya ba game da gado, amma kada ki saki yaron nan. Tun 1979 Thomas Bouchard na Jami'ar Minnesota a Amurka ya fara bibiyar tagwaye masu kama ɗaya da aka raba su tun suna jarirai, ya tarar halayensu sun yi kama ƙwarai duk da tashi a gidaje daban. A 2015 aka tattara binciken tagwaye na shekara 50, aka ga gado na da kusan kashi 49 cikin ɗari na bambancin da ke tsakanin mutane. Sauran yana hannun abinci, lafiya, makaranta da abokai. Abin da yaro ke gada shi ne karkata zuwa wani hali, ba makomarsa ba.

Ki raba matsalar gida biyu, domin kunya daban, rashin gane karatu daban.

Fara da jiki. A gwada jinsa da ganinsa, domin yaron da kunnensa ya daɗe yana ruwa yakan ji rabin maganar malami, sai a ce masa daƙiƙi. A auna jininsa: zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki suna rage jini, yaro ya zama mai kasala. Ki daina sa masa kwalli, wani yana ɗauke da dalma, ita kuma tana taɓa ƙwaƙwalwa ba tare da wata alama a fili ba. Gishirin miya ya kasance mai sinadarin aidin (iodine). Barci awa 9 zuwa 12 ne na shekarunsa, wanda da wuya ya samu in ya tashi daga boko ya wuce makarantar allo, sannan ya kwana kan waya.

Ita kunya ba cuta ba ce. Kuskure biyu ke ƙara ta: tilasta masa magana gaban jama'a ana dariya, da kuma amsa tambaya a madadinsa kullum. Ki bi a hankali. Wannan makon ya gaishe da maƙwabciya ɗaya da ya sani. Mako na gaba ki aike shi sayen koko kina kallonsa daga nesa. Aboki ɗaya zai gayyato gida, ba biyar ba. Kuma a daina kwatanta shi da wansa ko baffansa yana ji, yaro yakan riƙe sunan da aka laƙaba masa.

Ki ware minti 15 kullum ku biyu kawai, ku ƙirga wake, ki yi masa tatsuniya ya maimaita miki. Kada ki raina wannan. A Jamaika a 1986 an riƙa ziyartar gidajen yara masu tsumburewa sau ɗaya a mako har shekara 2, ana koya wa iyaye wasa da hira da su. Bayan shekara 20, kuɗin da yaran suke samu ya ɗara na takwarorinsu da ba a ziyarta ba da kashi 25 cikin ɗari. Sun fi naki ƙanƙanta lokacin da aka fara, shi ya sa ba ma son ki jira.

In zangon karatu ɗaya ya wuce babu canji, ko kuma ko a gida ba ya haɗa jimla, ki kai shi sashen yara na asibitin Komfo Anokye, ki tafi da littattafansa na makaranta da katin awonsa.