Amsa kan fim ɗin The Broadway Melody

Malam, tambayarka kan fim mai sauti na farko da ya ci Oscar a matsayin fim mafi kyau, ai The Broadway Melody ne na 1929, kamfanin MGM suka yi shi, Harry Beaumont ya ba da umarni. Kuma batun ko ya cancanci kallo, eh, ya cancanta.

Labarin wasu 'yan mata biyu ne, ya da ƙanwa, Hank da Queenie, sun zo New York neman suna a dandalin wasan kwaikwayo, to saurayin yayar Eddie mawaƙi ne, yana ganin ƙanwar sai zuciyarsa ta koma kanta, ita kuma Queenie don kar ta ci amanar yayarta sai ta fara kula wani mai kuɗi da ba aure ne a ransa ba.

Wallahi wurin da Bessie Love, wadda ta fito a matsayin Hank, take goge kwalliya gaban madubi tana kuka bayan ta haƙura da Eddie, nan ne fim ɗin yake, har an sa ta cikin 'yan takarar Oscar. Sai dai ka yi haƙuri da sautin, kyamarar ma kusan a tsaye take saboda makirufo na lokacin.