Tambaya da Amsa: Na buɗe wurin OT a Sakkwato amma ba a ganina a Google

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, don Allah shawara nike nema. Ni OT ce, wato mu ne masu koya ma wanda ya samu shanyewar ɓarin jiki, ko ƙuna ta ɗaure mai hannu, ko yaron da bai iya riƙon cokali da fensir, yadda zai koma yin abubuwanshi da kanshi, cin abinci, sa riga, alwala, rubutu. Na buɗe ɗan wuri wajen Mabera, rajistata da MRTB, hukumar da ke kula da sana'armu, tana nan daram, amma wallahi in ba wanda anka turo mani daga asibiti ba babu mai zuwa. Ɗiyata ta bincika a waya, asibitocin gwamnati da wani wurin fisiyo, wato gashin ƙashi, kaɗai sunka fito. Wani yaro ya ce in ba shi kuɗi ya ɗora ni saman Google cikin sati guda. In ba shi? Daga wata mai karatu, Mabera, Sakkwato.

AMSA: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya sa albarka a wannan aiki, don gaskiya aikinku ana buƙatarsa sosai a garin nan kuma mutane da yawa ba su ma san akwai shi ba. Kar ki ba yaron nan kuɗi tukuna. Babu wanda zai iya yi miki alkawarin matsayi na ɗaya a Google, su kansu sun faɗa cewa ba a sayen matsayi a sakamakon taswira, kuma babban abin da kike buƙata kyauta ne, da wayarki za ki yi shi.

Abin shi ne Google Business Profile, wanda a da ake kira Google My Business kafin su canza sunan a 2021. Shi ne ke sa wuri ya fito a Google Maps da lambar waya da hotuna da lokacin buɗewa. Ki buɗe da imel ɗinki na Gmail, naki na kanki, kar ki bari wani ya buɗe miki da nasa, don ranar da kuka saɓa ko ya bar gari shi ke nan ya tafi da makullin shagonki. In kina son ɗiyarki ta taimaka sai ki ƙara ta a matsayin manaja, ke ki zauna a mai wuri. Za su nemi ki tabbatar wurin naki ne, yanzu galibi bidiyo suke cewa a ɗauka ba tare da yankewa ba, ki nuna titi da allon sunan wurin, ki buɗe ƙofa da makulli, ki nuna kayan aiki a ciki, saboda haka in ba ki da allo a ƙofa to fara yin allon.

Google ya ce abu uku yake dubawa, dacewar wurin da abin da mutum ya nema, kusancinsa da mai neman, da kuma yadda aka san wurin. Kusanci ba ki da iko a kai, wanda ke Arkilla ko Kalambaina za a fi nuna masa na kusa da shi, amma sauran biyun suna hannunki. Wajen zaɓar rukuni ki nemi Occupational therapist, wato cikakken sunan OT, ki sa shi a matsayin babban rukuni, kar ki sa asibiti kawai don a nan za ki ɓace a bayan manyan asibitoci irin su asibitin koyarwa na UDUTH da asibitin Specialist. Sunan wurin kuma ki rubuta shi daidai yadda yake a allo, kar ki cusa masa su "na ɗaya a Sakkwato, maganin shanyewar jiki", wannan kan sa a dakatar da shafin mutum kuma dawo da shi wahala ne.

Sai maganar adireshi, kuma nan nake so ki fi ba lokaci. Mu a garin nan da kwatance muke tafiya, bayan masallacin kaza, kusa da gidan mai, lungu na biyu hannun dama, ita kuwa taswira ba ta san wannan ba, sau da yawa tana jefa alamar a tsakiyar unguwa ko can bakin babban titi. Ki tsaya a ƙofar wurinki da kanki ki ja alamar ki ɗora ta daidai kan ginin, sannan ki kwafi ɗan gajeren lambar nan ta Plus Code da Google Maps ke ba kowane wuri ki ajiye ta kina tura wa mutane a WhatsApp. Ki tuna wa ke zuwa wurinki, dattijo ne da ɓarin jikinsa ba ya motsi an ɗauko shi a keke napep daga Gwiwa ko ma daga Bodinga da rana tsaka a zafin watan Afrilu, ko uwa da yaro goye a kan kabu-kabu, in suka yi ta zagaye ba su gane wurin ba gida za su koma kuma da wuya su sake fitowa. Ki ɗauki hoton ƙofar daga bakin titi yadda mai zuwa zai ganta, ki ɗauki mashigar ma, in akwai gangaren da keken guragu zai hau ki nuna shi ki kuma yi masa alama a bayanan wurin, don ga majinyatanki wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Lambar waya ki sa wadda ake ɗauka. Lokutan aiki su zama na gaskiya, ranar Juma'a in kina rufewa don masallaci akwai damar raba ranar gida biyu, hutun Sallah ma ki sa. Suna da lamba da adireshi su zama iri ɗaya a Facebook da WhatsApp Business da allon ƙofa.

Wajen bayani an ba ki haruffa 750, ga kuma wurin jera ayyuka. Mutanenmu ba sunan sana'arku suke nema ba, damuwarsu suke rubutawa, wani zai sa gashin ƙashi a Sokoto, wata za ta sa yarona ba ya iya zama, wani hannu ya ƙi buɗewa bayan ƙuna, kuma tun da Google ya ƙara Hausa cikin binciken murya a 2024 wasu da baki ma suke tambaya. To ki rubuta da Hausa da Turanci duka, ki faɗi abin da kike yi a fili kamar yadda kika faɗa min a wasiƙarki, koya wa mai shanyewar jiki cin abinci da alwala da sa kaya, yi wa hannu abin ɗauri, taimaka wa yaro riƙon fensir. Ki ambaci Sokoto da Sakkwato duka. Ki faɗi kina da rajista da MRTB, hukumar da dokar 1988 ta kafa don kula da ku da masu fisiyo da masu gyaran magana, hakan na kwantar da hankalin mutane. Amma don Allah kar ki yi alkawarin warkewa.

Ra'ayoyin da mutane ke rubutawa da taurari suna da tasiri sosai. Akwai linki a cikin shafin naki da za ki tura wa iyalan da kika yi wa aiki ki roƙe su su rubuta gaskiyar abin da suka gani, ko da Hausa ne, ko layi biyu. Kar ki saya, kar ki ba da ragi a madadinsa, kar ki sa dangi su cika miki, Google ya hana kuma yana gogewa. In za ki ba da amsa ki yi godiya kawai, kar ki ce "mun ji daɗi da hannun Baba ya fara motsi", wannan tona lalurar mutum ne a bainar jama'a, haka hoton majinyaci musamman yara da matan aure kar ki ɗora sai da izini a rubuce, dokar kare bayanai ta 2023 ma ta sa bayanan lafiya cikin masu tsananin sirri, ni dai da za ki bi tawa hoton ɗaki da kayan aiki ya isa.

Bayan wata biyu ko uku ki shiga wurin da ke nuna ƙididdiga, za ki ga kalmomin da aka nemo ki da su da yawan waɗanda suka kira ko suka nemi hanya, sai ki gyara bayaninki da su. Likitocin da ke turo miki mutane kuma ki riƙe su da kyau, ki tura musu linkin taswirar su riƙa ba majinyata.

TAMBAYA: Malam ni ba ni da shago, gida-gida nike bi ina duba majinyata. Zan iya shiga taswirar? Daga wani mai karatu, Runjin Sambo.

AMSA: Za ka iya ɗan'uwa. Wajen rajista ka nuna cewa kai ke zuwa wurin mutane, za ka ba su adireshinka don tabbatarwa amma ka ɓoye shi kar ya fito, sai ka zaɓi yankunan da kake zuwa, ana ba da dama har 20 kuma kar su wuce tafiyar kamar awa biyu a mota daga inda kake. Ka sa inda ƙafarka ke kaiwa da gaske, cikin gari, Wamakko, Kware, Dange Shuni, kar ka aro adireshin kemis ɗin abokinka don ka samu alama a taswira, in aka gano rufe shafin za a yi.